BABI NA UKU: GWAJI MAI SARRAFA KANSA A KAN MANHAJAR PRELINK

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda kwamfuta take adana manhajoji da kuma yadda take tayar da su idan an buƙace su. Shi kuwa wannan babi zai duba wata manhaja mai suna prelink, wadda aka ƙirƙira domin rage lokacin da ake ɓatawa kafin manhaja ta buɗe, sannan ya mayar da hankali a kan hanyar da aka bi wajen gwada ta ba tare da mutum ya zauna yana dannawa da hannunsa ba. An zaɓi wannan manhaja ne saboda aikinta yana da haɗari ƙwarai, domin kuwa tana shiga cikin kusan kowace manhaja da ke kan kwamfuta ta canza ta. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa. Saboda haka tambayar da babin zai yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta yaya ake tabbatar da cewa saurin da aka samu bai zo da ɓarna ba, kuma ina ne iyakar abin da gwaji zai iya tabbatarwa? Domin sauƙaƙa fahimta, za a riƙa kawo misalai daga rayuwar birnin Zariya.

3.1 Ma'anar Rumbun Haɗaka da Mai Lodi

Akwai ayyuka da yawa waɗanda kusan kowace manhaja take buƙata, kamar buɗe fayil, da rubuta haruffa a fuskar kwamfuta, da lissafi, da jera sunaye bisa tsarin abacada. Maimakon kowace manhaja ta ɗauki nata kwafin waɗannan ayyuka, sai aka tattara su a fayil guda wanda kowa zai ɗiba daga ciki. Irin wannan fayil shi ne za a kira rumbun haɗaka a wannan babi, domin ya yi kama da rumbun gandu wanda duk mutanen gida suke ci daga gare shi. A tsarin Linux, rumbun da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ake kira glibc, domin da ƙyar ake samun manhajar da ba ta dogara da shi ba.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Na farko, ana samun sarari a faifai da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Na biyu, idan aka gano kuskure a cikin rumbu, gyara ɗaya ya wadatar da duk manhajojin da suke amfani da shi. Sai dai kuma tsarin ya haifar da wani sabon aiki, wato haɗa manhaja da rumbunanta duk lokacin da aka tayar da ita. Wata ƙaramar manhaja mai suna ld.so ce take yin wannan aiki, ita ce za a kira mai lodi. Shi mai lodi yana karanta jerin rumbunan da manhaja ta ce tana so, ya nemo su a faifai, ya sauke su a ƙwaƙwalwa, sannan ya cike duk gurbin da manhajar ta bari na adireshin wani aiki da ke cikin rumbu. Wannan cike gurbi shi ne gyaran adireshi.

A farkon zamanin Linux ana amfani da wani tsarin fayil mai suna a.out, inda kowane rumbu yake da adireshi tabbatacce da aka yanka masa tun wajen gini. Lodi yana da sauri, amma gina rumbu yana da wahala, kuma dole a riƙa rajistar adireshi don kada rumbuna biyu su yi karo. Wajen shekarar 1995 Linux ya koma tsarin ELF, wanda ya samo asali daga Unix. A tsarin ELF ana iya sauke rumbu a duk inda aka ga sarari. Wannan ya kawo sauƙi ga masu rubuta manhaja, amma ya ɗora wa mai lodi nauyi.

3.2 Dalilin Nawar Lodi

Idan baƙo ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka yana neman gidan wani mutum, alhali sunansa kawai ya sani, dole ne ya bi unguwa-unguwa yana tambaya. Zai tambaya a Kwarbai, idan ba a san shi ba ya wuce Kaura, daga nan ya nufi Limancin Kona, har ya dace. Idan mutum ɗaya yake nema, abin da sauƙi. Amma idan mutum dubu goma yake nema, kuma kullum safiya sai ya sake tambayar daga farko kamar bai taɓa zuwa ba, to wuni zai ƙare bai gama ba. Haka mai lodi yake aiki. Ga kowane suna da manhaja take nema, yakan bi rumbuna ɗaya bayan ɗaya bisa wani jeri ƙayyadadde, kuma wanda ya fara samu shi yake ɗauka. Idan aka ɗauki misalin manhaja mai rumbuna 40 da sunaye 10,000, kuma a ce kowane suna sai an duba rabin rumbunan kafin a same shi, ke nan za a yi dubawa 200,000 kafin mai amfani ya ga komai a gabansa.

Matsalar ta fi tsanani ga manhajojin da aka rubuta da harshen C++, saboda sunayensu dogaye ne ƙwarai, kuma da yawa daga cikinsu farkonsu iri ɗaya ne, sai an kai kusan ƙarshe kafin a bambance su. A shekarar 2001 wani daga cikin masu gina tsarin KDE mai suna Waldo Bastian ya yi rubutu inda ya nuna cewa wani babban kaso na lokacin tashin manhajojin KDE yana tafiya ne wajen wannan aiki na mai lodi. Haka kuma manyan manhajoji irin su OpenOffice.org sun yi suna wajen nawar buɗewa a kwamfutocin wancan lokaci.

3.3 Asalin Prelink da Yadda Take Aiki

Jakub Jelinek, ma'aikaci a kamfanin Red Hat, shi ne ya rubuta prelink a farkon shekarun 2000. Hikimar da ke cikinta ita ce a yi wahalar tambaya sau ɗaya, a rubuta amsa a ajiye. Wato kamar a ba baƙon nan takarda mai ɗauke da unguwa da lungu da ƙofar gidan duk wanda yake nema. Aikin nata yana bin waɗannan matakai:

(a) Tana tattara sunayen duk manhajoji da rumbunan da ke cikin wuraren da aka lissafa mata a fayil ɗin prelink.conf, ta gano wane ne ya dogara da wane.

(b) Tana yanka wa kowane rumbu fili nasa a ƙwaƙwalwa, ta yadda rumbuna biyu da za su haɗu a manhaja ɗaya ba za su hau kan juna ba.

(c) Tana warware sunaye, ta rubuta adireshinsu kai tsaye a cikin fayilolin.

(d) Tana ƙara wa manhaja wani sashe mai ɗauke da jerin rumbunanta, kowane da lokacin da aka sarrafa shi da lambar tantancewarsa. Ita lambar tantancewa lamba ce da ake lissafowa daga abin da fayil ya ƙunsa, wadda take canzawa idan fayil ɗin ya canza.

(e) Tana ƙara wani sashe na saɓani. Saɓani yana faruwa ne idan suna ɗaya yana nufin wani abu a wurin rumbu shi kaɗai, amma yana nufin wani abu dabam idan rumbun ya shiga cikin wata manhaja wadda ita ma take da wannan suna. Irin waɗannan kaɗai ake barin wa mai lodi ya gyara.

(f) Tana ajiye bayanin yadda fayil yake tun asali a wani sashe na musamman, domin a iya mayar da shi yadda yake.

Idan aka tayar da manhaja, mai lodi yakan duba ko rumbunan da ya samu su ne waɗanda aka rubuta a jerin, kuma ko kowane ya sauka a filin da aka yanka masa. Idan haka ne, sai ya gyara saɓani kawai ya wuce. Idan kuwa ko ɗaya ya canza, sai ya watsar da takardar ya koma tambaya kamar da. Tun daga fitowar Fedora ta farko a 2003 aka riƙa sa prelink ta yi aiki da kanta a kai a kai, haka ma a wasu fitowar Red Hat Enterprise Linux. Ba Linux kaɗai ya bi wannan dabara ba. Tsarin Mac OS X na kamfanin Apple da tsarin Windows duk sun yi amfani da makamanciyarta, haka ma wayoyin Android na farko.

3.4 Haɗarin da Ke Tattare da Aikin

Yawancin manhajoji idan suka yi kuskure, ɓarnar takan tsaya a kansu. Amma prelink tana aiki ne da cikakken iko a kan kwamfuta, kuma tana sake rubuta glibc da shi kansa mai lodi. Idan ta rubuta adireshi ɗaya ba daidai ba a cikin glibc, kwamfutar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, har ma umarnin da za a yi gyara da shi ya ƙi aiki, tunda shi ma a kan wannan rumbu ya dogara. Abin da ya fi wannan muni shi ne kuskuren da ba ya bayyana nan take, inda manhaja za ta buɗe lafiya amma ta riƙa kiran wani aiki a maimakon wani. Wannan ya yi daidai da a rubuta wa baƙo adireshin maƙwabci, ya kai saƙo gidan da ba nasa ba, kuma kowa ya ɗauka saƙo ya isa.

Wani haɗarin kuma shi ne yankewar aiki a tsakiya, abin da duk mai amfani da kwamfuta a wurin da ake yawan ɗauke wuta ya sani. Domin kauce wa wannan, prelink ba ta rubutu a kan fayil na asali kai tsaye. Takan rubuta sabon kwafi da wani suna na wucin gadi, sai ta kammala sannan ta maye gurbin tsohon da shi a mataki ɗaya.

Bugu da ƙari, prelink ba ta tsaya a kan na'ura iri ɗaya ba. An sa ta yi aiki a kan i386, da x86-64, da Alpha, da SPARC, da PowerPC, da s390, da ARM, da MIPS da wasunsu, kuma kowace na'ura tana da nata nau'o'in gyaran adireshi. Babu mutumin da zai iya zama ya gwada duk waɗannan da hannu a duk lokacin da aka canza layi ɗaya. Wannan shi ya wajabta gwaji mai sarrafa kansa.

3.5 Ma'anar Gwaji Mai Sarrafa Kansa

Gwaji mai sarrafa kansa shi ne a rubuta wata ƙaramar manhaja wadda aikinta kawai ta tayar da manhajar da ake gwadawa, ta ba ta wani aiki da aka riga aka san amsarsa, sannan ta kwatanta abin da ya fito da abin da ake tsammani, ta yanke hukunci da kanta. Abubuwa uku ne suka bambanta shi da gwajin hannu. Na farko, ana iya maimaita shi sau ɗari ba tare da gajiya ko mantuwa ba. Na biyu, hukuncinsa ba ya dogara da ganin damar mai gwaji. Na uku, yana kama koma-baya, wato kuskuren da aka taɓa gyarawa ya sake dawowa sakamakon wani sabon canji.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A unguwannin malamai na birnin Zariya, idan almajiri ya kwafe littafi da hannu, ba a karɓarsa don kyawun rubutu kawai. Sai an zauna an yi muƙabala, ɗaya yana karanta na asali ɗaya yana bin kwafi, kalma bayan kalma. Haka nan a maɗaba'ar Gaskiya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1945, aikin ɗab'i ba ya cika sai mai duba gyara ya kwatanta shafin gwaji da rubutun marubuci. Bambancin kawai shi ne a nan kwamfuta ce take muƙabalar, kuma ba kalma take bi ba, bayit take bi, wato ɗan ƙaramin ma'aunin abin da fayil ya ƙunsa.

3.6 Matakan Gwajin Prelink

Gwaje-gwajen prelink suna zuwa ne tare da ita a cikin wata jaka ta musamman, kuma umarni ɗaya, wato make check, shi yake tayar da su duka. Kowane gwaji 'yar gajeruwar takardar umarni ce tare da wasu ƙananan manhajoji na harshen C ko C++. Kafin a fara komai, akan kwafo mai lodi da glibc da sauran rumbunan da ake buƙata zuwa cikin jakar gwaji, a umarci prelink ta yi aiki a kan waɗannan kwafe-kwafe kawai. Dalili kuwa shi ne kada gwajin manhajar da ba a tabbatar da lafiyarta ba ya lalata kwamfutar da ake gwajin a kanta. Marini ma ba ya fara gwada sabon baba da rigar mai kaya, da ƙyalle yake farawa. Bayan wannan shiri, yawancin gwaje-gwajen suna bin tsari kamar haka:

1. A gina ƙananan rumbuna da manhaja ɗaya da aka tsara musamman don ta taɓo wani lungu mai wuya na aikin. Ita manhajar tana duba kanta, idan ta ga wani adireshi ko wata ƙima ba yadda ya kamata ba sai ta tsaya da alamar kuskure.

2. A ajiye kwafin kowane fayil kamar yadda ya fito daga gini, kafin prelink ta taɓa shi.

3. A tayar da prelink a kansu, a tattara duk abin da ta faɗa a fayil ɗin rahoto. Idan ta tsaya da kuskure, gwaji ya faɗi.

4. A bincika rahoton. Ko da ta ce ta gama lafiya, idan aka ga wani ƙorafi daga gare ta a ciki, gwaji ya faɗi.

5. A tayar da manhajar da aka sarrafa, a ga ko har yanzu tana aiki daidai.

6. A sa wata manhaja dabam mai suna readelf ta karanta fayil ɗin, domin a tabbatar tsarinsa bai karye ba. Wannan kamar kiran shaida ne wanda ba shi da hannu a aikin.

7. A umarci prelink ta warware aikinta, a kwatanta abin da ya fito da kwafin da aka ajiye a mataki na biyu. Bambancin bayit ɗaya ya isa a ce gwaji ya faɗi.

Kowane mataki yana da lambar da gwaji yake fita da ita idan a nan ya tsaya, saboda mai gyara ya san inda zai fara dubawa. Lambar 0 tana nufin an ci gwaji. Lambar 77 kuma, bisa al'adar manhajar Automake, tana nufin an tsallake gwajin domin kwamfutar ba ta da abin da ake buƙata. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, domin gwajin da aka tsallake ba a ci shi ba, kuma mai karanta sakamako da ya haɗa su wuri ɗaya zai yaudari kansa.

Mataki na bakwai shi ne ginshiƙin tsarin duka, kuma amfaninsa bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Prelink tana da umarnin tantancewa, wanda yake warware fayil, ya sake sarrafa shi, ya duba ko ya yi daidai da wanda ke kan faifai, sannan ya fitar da na asali. Manhajar rpm, wadda take kula da girke manhajoji a Fedora da Red Hat, ta dogara da wannan umarni wajen bincika ko an yi wa fayil kutse. In ba don haka ba, da duk fayil ɗin da prelink ta taɓa zai zama abin zargi, tunda lambar tantancewarsa ta canza, kuma da ba za a iya bambance aikin prelink da aikin ɓarawo ba.

3.7 Rabe-Raben Gwaje-Gwajen

An raba gwaje-gwajen gida-gida bisa irin matsalar da kowane yake farauta. Daga cikinsu akwai:

(i) Gwajin gyaran adireshi, masu suna reloc. Waɗannan suna duba nau'o'in gyara dabam-dabam, har da inda suna ɗaya ya bayyana a rumbu fiye da ɗaya, domin a tabbatar prelink ta zaɓi wanda mai lodi zai zaɓa da an bar shi shi kaɗai.

(ii) Gwajin gusar da sassa, masu suna shuffle. Tunda prelink tana ƙara wa manhaja sababbin sassa, dole ta nema musu wuri, wani lokaci ta gusar da waɗanda ta tarar. Abin ya yi kama da ƙara ɗaki a tsohon gidan cikin birni inda fili ya ƙure, ba tare da an toshe hanyar zaure ba.

(iii) Gwajin rabon fili, masu suna layout. A nan akan gina rumbuna masu yawa a ga ko za a raba musu adireshi ba tare da karo ba.

(iv) Gwajin harshen C++, masu suna cxx. Prelink tana ƙoƙarin rage yawan saɓani a manhajojin wannan harshe ta hanyar watsar da waɗanda ta ga ba su da tasiri. Gwajin yana tabbatar da cewa ba ta watsar da mai tasiri ba.

(v) Gwajin ma'ajiyar zare, masu suna tls. Manhaja ɗaya tana iya gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda, kowane da 'yar ma'ajiyarsa, kuma adireshin irin wannan ma'ajiya yana da nasa lissafi na dabam.

(vi) Gwajin zagaye, masu suna cycle. Wani lokaci rumbu na ɗaya yakan dogara da na biyu, na biyu kuma ya dogara da na ɗaya. Abin da ake so a nan shi ne prelink ta gane lamarin ta bar su yadda suke. Wannan ya nuna cewa gwaji ba ya tsaya ga abin da manhaja za ta yi kawai, har da abin da ya kamata ta ƙi yi.

(vii) Gwajin hanzari, masu suna quick. Prelink tana da wata hanya ta gaggawa inda take duba lokacin da aka taɓa fayil kawai, ta kwatanta da abin da ta rubuta a kundinta. Gwajin yakan canza wasu rumbuna, ya ga ko za ta lura ta sake sarrafa su tare da duk masu dogara da su.

(viii) Gwajin warwarewa, masu suna undo, waɗanda suke duba mayar da fayiloli yadda suke tun asali.

Jerin bai tsaya cik ba. Da aka shigo da wata sabuwar dabara cikin glibc wajen 2009, wadda take ba rumbu damar zaɓen aikin da ya dace da na'urar da ya samu kansa a kai, sai aka ƙara gwaje-gwaje masu suna ifunc. Wannan ita ce ɗabi'ar kyakkyawan tarin gwaji, wato duk sabon abu ko sabon kuskure yakan bar gwajinsa a baya.

3.8 Iyakar Abin da Gwaji Yake Gani

Duk da ingancin wannan tsari, akwai abubuwan da bai iya gani ba. Na farko, manhajojin gwaji ƙanana ne, alhali na gaske manya ne masu ɗaruruwan sassa. Na biyu, sakamakon ya dogara da wasu manhajoji, wato gcc da binutils da glibc. Idan ɗayansu ya canza yadda yake tsara fayil, gwaji yana iya faɗuwa ba tare da an taɓa prelink ba, kuma sai an yi bincike kafin a san mai laifi. Na uku, waɗannan gwaje-gwaje daidaito suke aunawa, ba sauri ba. Auna sauri aiki ne dabam, wanda ake yi ta hanyar sa mai lodi ya faɗi yawan gyaran da ya yi da lokacin da ya ɗauka, kafin sarrafawa da bayanta. Haka kuma rumbunan da manhaja take ɗaukowa daga baya, bayan ta riga ta tashi, ba su cika cin moriyar prelink sosai ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka girma, shi ne batun tsaro. Takardar da ta sauƙaƙa wa baƙo gano gida ita ce kuma take sauƙaƙa wa ɓarawo. Masu kutse suna buƙatar sanin adireshin ayyuka a ƙwaƙwalwa kafin su karkatar da manhaja. Saboda haka masana tsaro suka fito da dabarar sauya adireshi a duk tashi, wadda ta fara bayyana a aikin PaX a 2001, ta kuma shiga cikin asalin Linux a 2005. Wannan dabara kishiyar prelink ce kai tsaye, domin ɗaya tana so adireshi ya tabbata, ɗaya tana so ya riƙa canzawa. An yi ƙoƙarin sasantawa ta hanyar sa prelink ta raba fili ba bisa tsari ba, kuma a Fedora aka riƙa sake rabon duk bayan kwana 14. Amma adireshin da ya zauna mako biyu bai kai wanda yake canzawa a kowane tashi tsaro ba. Haka kuma wasu rumbunan ɓoye sirri suna duba lambar tantancewar kansu kafin su fara aiki, wanda ya sa dole a kashe prelink a kwamfutocin da ake son wannan mataki na tsaro.

A ɗaya ɓangaren kuma, ribar da take kawowa ta riƙa raguwa. A 2006 an shigo da sabuwar hanyar neman suna a cikin glibc da binutils wadda ta rage wahalar tambaya ƙwarai, kuma kwamfutoci suka ƙara sauri. A 2015, da fitowar Fedora 23, aka koma gina manhajoji ta yadda za a iya sauke su a kowane adireshi, irin waɗanda prelink ba ta iya sarrafawa. Android ma ya bi wannan hanya, inda daga fitowa ta 5.0 a 2014 ya wajabta irin wannan gini. Aikin Yocto, na masu gina Linux don ƙananan na'urori, ya ci gaba da kula da wani reshe na prelink na wasu shekaru. Daga ƙarshe, a 2022, aka cire goyon bayanta daga glibc a fitowa ta 2.36. Abin lura a nan shi ne ba faɗuwar gwaji ce ta kawo ƙarshenta ba. Gwaje-gwajen an gina su ne don amsa tambayar ko manhaja tana aiki kamar da, kuma ko za a iya mayar da ita yadda take. Ba a gina su don amsa tambayar ko tabbataccen adireshi abu ne mai kyau ba.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an bayyana ma'anar rumbun haɗaka da mai lodi, da dalilin da ya sa lodi yake ɗaukar lokaci, da yadda prelink ta magance matsalar ta hanyar yin aikin tun kafin a buƙace shi. An kuma nuna cewa amincewar da aka yi mata ta ginu ne a kan sharuɗɗa uku da gwaji mai sarrafa kansa yake tabbatarwa: a keɓe wurin gwaji daga kwamfutar gaske, manhaja ta ci gaba da aiki kamar yadda take yi kafin a taɓa ta, sannan a iya mayar da fayil asalinsa ba tare da bambancin bayit ɗaya ba. Waɗannan sharuɗɗa ba su mutu tare da prelink ba, domin sun shafi duk wata manhaja da take canza kayan wasu da sunan gyara, ko mai matse fayiloli ce ko mai sabunta manhajar waya. Haka kuma an ga cewa gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai, zaɓen tambayar kuwa aikin mutum ne. Babi na gaba zai duba kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar rumbun haɗaka da mai lodi da gyaran adireshi, domin a auna dacewarsu da ƙa'idojin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa.